Haɗa Benci da Maratayi na Katako Domin Zauren Manomi

Zaure shi ne iyaka tsakanin gona da cikin gida. A nan manomi yake ajiye fartanya da adda idan ya taso daga aiki, a nan yake tuɓe takalmi, a nan kuma yake tarbar baƙo da malamin gona. A gidaje da yawa a nan yara suke karatun allo, a nan maigida yake cin abincin dare da maƙwabta. Duk da haka, a yawancin zaurukan da nake shiga lokacin rangadin gonaki, abin da nake tararwa shi ne tabarma a gefe, da tarin takalma da igiyoyi da laujuna a ƙasa, wani lokaci har da famfon feshi an jingine shi daidai inda yaro yake rarrafe. Wannan rubutu zai nuna maka yadda za ka haɗa benci mai wurin ajiye takalma, da maratayin bango, daga falanki guda ɗaya da sanda ɗaya. A garuruwan kudu da ba a yin zaure, baranda ko bakin ƙofar ɗaki su ne madadinsa, kuma aikin ɗaya ne.

Kada ka ɗauki lamarin a matsayin ado kawai. Laka da kashin kaji da suke manne wa ƙasan takalmi suna cikin hanyoyin da cututtukan kaji suke bi daga gida zuwa gida. Tun daga watan Fabrairun 2006, da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna, ake nanata wa masu kiwo cewa takalmin shiga wurin kaji ya zama daban da na shiga kasuwa. Haka kuma irin wuta-wuta, wanda ya fi ƙwayar rairayi ƙanƙanta, yana bin ƙasar da ta manne wa takalmi da fartanya daga wannan gona zuwa waccan. Umurnin a raba takalma ba ya ɗorewa idan babu wurin da aka tanadar wa kowanne.

Zaɓen itace

Abu na farko shi ne ka san itacen da za ka saya ko za ka sare. Malaina, wadda asalinta daga kudancin Asiya ne, an dasa ta da yawa a Nijeriya domin masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku, yanzu kuwa ta zama katakon talaka a kasuwanni da dama. Ba ta da nauyi, tana da sauƙin yanka, ba ta faye tsagewa idan an buga mata ƙusa ba, kuma idan ta bushe sosai ba ta yawan murɗewa. Aibinta biyu ne: tana da jinkirin bushewa ƙwarai, sannan ba ta jure zama a cikin damshin ƙasa. Ga wanda bai taɓa riƙe zarto ba, ita nake ba da shawara a fara da ita.

Darbejiya, wadda aka shigo da ita lardin Borno a 1928, tana ko'ina a arewa, kuma dangin maɗaci ce ta fuskar kimiyya. Zuciyarta ja ce, mai nauyi, gara ba ta faye kusantarta ba. Sai dai tana da tauri, tilas a huda ta kafin a buga ƙusa. Turare yana da ƙarfi amma yana tsagewa yana lanƙwashewa wajen bushewa, don haka ya fi dacewa da turaku da sanduna fiye da wurin zama. Obece da afara, waɗanda ake kawowa daga dazuzzukan kudu, suna da arha da laushi, amma ƙwaron nan mai huda katako yana zubar da gari yana son su, sai an yi musu magani.

Akwai itatuwan da ya kamata ka ɗauke ido daga kansu komai kyawunsu. Madobiya ta sha sara ba ji ba gani domin fitarwa ƙasashen waje, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. A taron 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Kaɗanya da ɗorawa da gawo kuwa, amfaninsu a tsaye ya ninka amfaninsu a kwance: ɗaya ta ba ka mai, ɗaya daddawa, ɗaya taki da abincin dabbobi. Ko bishiyar da ka dasa da hannunka ce, ka tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukumarku kafin sara, domin dokokin jihohi suna buƙatar izini a kan wasu itatuwa.

Kowane irin itace ka zaɓa, ka duba kan falankin. Ɓangaren tsakiya mai duhu shi ne zuciya, na gefe mai haske kuwa shi ne wanda yake kusa da ɓawo. Wannan mai hasken yana ɗauke da sitaci, shi ne abincin ƙwaro. Darbejiyar da ake yabo ma, farin gefenta bai fi na kowace bishiya ƙarko ba. Ka zaɓi falankin da farinsa bai da yawa, wanda ba shi da manyan gaɓoɓi a tsakiya, sannan ka ɗaga shi ka daidaita idonka da tsawonsa don ka ga ko ya karkace.

Bushewa, inda yawancin mutane suke yin asara

Mafi yawan bencin da ya ɓalle kafin shekara ba laifin kafinta ba ne, ɗanyen katako aka yi aiki da shi. Sabon yankakken katako yana iya ɗaukar ruwan da ya haura rabin nauyin busasshensa. Ruwan farko da yake fita ba ya canza girman katakon. Sai damshin ya sauko ƙasa da misalin kashi 30 cikin ɗari sannan katako yake fara tsukewa, kuma zai ci gaba da tsukewa har ya daidaita da iskar wurin da yake. A garuruwa masu laima irin su Sapele da Ibadan yakan tsaya ne a wajen kashi 15 ko sama da haka. A Kano ko Sakkwato lokacin hunturu, da iska take bushewa ƙayau, yana iya saukowa har kusan kashi 6. Ma'anar wannan ita ce, katakon da mai sayarwa ya rantse maka ya bushe, kuma gaskiya ya faɗa a ma'aunin kudu, zai ƙara tsukewa idan ya kwana biyu a arewa. A wasu itatuwan falanki mai faɗin inci 12 yana iya rasa kusan rabin inci na faɗinsa, alhali tsawonsa bai canza ba. Wannan jan ne yake zare ƙusa yana tsaga katako.

Saboda haka kada ka yi gaggawa. Ka sayi katakon da kaka, ka jera shi a inuwa inda iska take ratsawa, a kan bulo ko duwatsu, ya yi nisan ƙafa ɗaya ko fiye daga ƙasa. Idan falankan suna da yawa, ka raba tsakaninsu da 'yan sanduna masu kaurin inci ɗaya a kowace tazarar ƙafa biyu, na sama daidai kan na ƙasa, ka ɗora nauyi a bisa. Ka shafa ragowar fenti a kawunan biyu, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa take farawa. Kada ka shanya katako a rana tsaka: bayansa zai bushe cikinsa na ɗanye, ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Hanyar sanin ya bushe ba ta buƙatar na'ura. Ka ɗora falankin a kan sikelin awon hatsi, ka rubuta nauyinsa da kwanan wata a jikinsa da gawayi, ka maimaita kowane mako. Ranar da ka auna sau biyu ko uku a jere nauyin bai ragu ba, ya isa aiki. Falanki mai kaurin inci ɗaya yakan ɗauki wata biyu zuwa uku da rani, malaina takan wuce haka.

Kayan aiki da awo

Za ka buƙaci zarto, guduma, tef na awo, sukwaya, fensir, kurfi, sanfefa, gam fari na kafintoci, ƙusa mai inci biyu da rabi, da abin huda katako. Katako kuwa: falanki ɗaya mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, wato inci 144, da sanda ɗaya wan-bai-tu mai tsawon ƙafa 12. Idan a kasuwar akwai injin gogewa, ka biya a goge maka falankin fuska biyu, domin kuɗin bai kai wahalar yi da hannu ba.

Ga yadda za ka raba falankin. Ka fara yanke ɗan kan da ya tsage. Sannan ka fitar da inci 48 domin wurin zama, sai guda biyu masu inci 17 kowanne domin ƙafafu, sai guda ɗaya mai inci 44. Jimla inci 126 ke nan, ragowar inci 18 kuma daga ciki ne asarar kawuna da bakin zarto za su fita. Shi mai inci 44 ɗin za a tsaga shi ta tsawo gida uku daidai, kowane tsagi ya yi faɗin inci uku da rabi ko ɗan fiye. Biyu su ne haƙarƙarin benci, na ukun shi ne maratayi. Tsaga ta tsawo da zarton hannu aiki ne mai gajiyarwa, idan da hali a yi maka shi a inji tun a kasuwa. Daga ragowar ka fitar da 'yan guntaye biyu masu tsawon inci 10 da faɗin inci 2. Sandar wan-bai-tu kuma ka fitar da guda uku daga cikinta, inci 38 kowanne.

Tsayin benci zai zama kusan inci 18, wato santimita 45, wanda shi ne tsayin da babban mutum yake zama ƙafarsa na taɓa ƙasa. Idan dattawa ne suka fi zama a zauren, kada ka rage shi, domin tashi daga gajeren wurin zama yana wahalar da mai ciwon gwiwa.

Haɗa benci

Ka fara da ƙafafu. A ƙasan kowace ƙafa ka zana ɗan kusurwa mai siffar bakin almakashi a buɗe, faɗinsa inci 5, zurfinsa inci 3, ka yanke shi. Wannan yanka ba ado ba ne. Daɓen zaure ba ya zama sumul, katako mai faɗin inci 12 kuwa ba zai zauna daidai a kansa ba sai ya riƙa rawa, amma idan ya koma 'yan yatsu biyu, benci zai tsaya a kan wurare huɗu, kuma wurin da gara za ta kama ya ragu.

A saman kowace ƙafa, a kusurwoyi biyu, ka yanke gurbin da haƙarƙari zai shiga ya zauna. A nan ne ake yawan kuskure. Kada ka auna gurbin da lissafin inci ɗaya, domin falankin da aka goge ya riga ya ragu. Ka ɗora haƙarƙarin da kansa a kan ƙafar, ka bi gefensa da fensir, ka yanka ta cikin layi. Gara gurbin ya matse ka ƙara sassaƙa shi da kurfi, da ya yi yawa ka rasa yadda za ka cike shi. Wannan gurbi shi ne ƙarfin bencin gaba ɗaya, shi yake hana shi karkacewa gefe idan mutum uku suka zauna suna motsi. Bencin da aka buga wa ƙafafu da ƙusa kawai daga sama, shi ne kake gani a bakin kasuwa ya durƙusa.

Ka tsayar da ƙafafun biyu, tazarar da ke tsakaninsu ta ciki ta zama inci 38. Ka shafa gam a gurbin, ka shigar da haƙarƙari ta gaba da ta baya, kowanne ya zarce ƙafa da kusan inci biyu, ka buga ƙusa bibbiyu a kowace mahaɗa. Kafin gam ya kama, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, aikinka ya miƙe, idan bai zo ba ka tura shi da hannu har ya zo.

Yanzu sai wurin zama. Ka dubi kan falankin za ka ga layuka masu lanƙwasa kamar baka. Fuskar da take ɓangaren zuciyar bishiya ita za ta kalli sama. Dalili kuwa, idan katako ya ƙara bushewa yakan lanƙwashe ne ta ɓangaren ɓawo, don haka idan ka yi yadda aka ce, gefunan za su danna ƙasa a kan haƙarƙari maimakon su ɗaga sama su zare ƙusa. Ka bar inci 4 ya zarce kowace ƙafa. Yawancin ƙusoshin ka buga su ne cikin haƙarƙari, a tazarar inci 8, domin ƙusar da ta shiga kan katako ta tsaye ba ta da riƙo. Waɗanda za ka buga cikin ƙafa ka ɗan karkata su, ɗaya hagu ɗaya dama. Idan katakon mai tauri ne ka huda tukuna, idan babu abin huda ka dakushe tsinin ƙusar da guduma, za ta ratsa ba tare da ta tsaga ba.

Saura wurin takalma. Ka buga guntayen nan masu inci 10 a cikin kowace ƙafa a kwance, samansu ya yi inci 5 daga ƙasa. Su kam ƙusa kawai, ban da gam, don ƙafar ta sami damar tsukewa da buɗewa tsakanin rani da damina. Ka jera sanduna ukun a kansu da tazara, ka buga. Tazarar tana barin ƙasa ta zube, iska kuma ta busar da takalmi. A ƙarshe ka bi dukan gefuna da sanfefa, musamman bakin gaba, ka nutsar da kan kowace ƙusa don kada ta yaga riga.

Maratayi

Tsagi na uku ka yi masa huda shida, ta farko inci huɗu da rabi daga kai, sauran a tazarar inci 7. Ka karkata hudar kaɗan yadda turakun za su kalli sama. Turaku kuwa ka samo su daga busassun rassan marke ko kanya ko turare masu kaurin babban yatsa, tsawon inci 5, ka fere, ka shafa gam, ka buga su. A bangon bulo ƙusar kankare ta isa. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa, kuma manna katako a jikinsa gayyatar gara ce, don haka gara ka rataye shi da waya daga azara ko katakon rufi, ka sa 'yan duwatsu ko marafan kwalba a bayansa don kada ya taɓa bango. Ka ɗaga shi ƙafa biyar da rabi. Malfa da igiya da rigar ruwa da buta duk za su samu wuri. Lauje da adda ka ba su turakun da suka fi nisa da ƙofa, kaifinsu na kallon bango.

Takalmin ruwa ba zai shiga ƙarƙashin benci ba, kuma bai kamata ya kwana a tsaye baki buɗe ba, domin kunama da ƙaramin maciji suna son duhu da ɗumin cikinsa. Ka kafa sanduna biyu masu tsawon inci 16 a kan guntun katako mai nauyi, ka riƙa kifa takalman a kansu. Wannan ka ajiye shi can kusa da ƙofar waje, nesa da benci. Takalmin shiga wurin kaji kuwa ya zauna a bakin ɗakin kajin, kada ya zo zaure sam.

Gara da ƙwaro

A da, dieldrin da Gamalin ake shafa wa katako. An haramta su, na farko tun cikin rukunin farko na yarjejeniyar Stockholm ta 2001, sinadarin na biyun kuma aka ƙara shi a 2009, saboda suna daɗewa a ƙasa da jikin mutum. Idan wani ya kawo maka su a kwalbar da ba ta da suna, kada ka karɓa. Baƙin mai da mutane suke shafawa yana ɗan korar gara, amma yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa, yana kuma ɓata tufafi. Bai dace da wurin da ake zama ana cin abinci ba.

Abin da ya fi sauƙin haɗari shi ne gishirin boraks. Ka narkar da rabin kilo a lita 10 na ruwan ɗumi, ka shafa wa katakon sau biyu ko uku, ka fi mai da hankali ga kawuna da farin gefe. Ya fi shiga idan katakon yana da sauran damshi, don haka lokacin da ka sayo shi ne ya fi dacewa. Ruwa yana wanke shi, amma ga abin da zai zauna a ƙarƙashin rufi babu damuwa. Idan ka sayi maganin katako na gwangwani, ka tabbatar yana da lambar rajistar NAFDAC, ka shafa shi a ƙasan ƙafafu kawai, a waje, ka bar shi ya sha iska kwanaki kafin ka shigar da shi.

Amma a ganina babu maganin da ya kai raba katako da ƙasa. Ka ɗora kowane yatsan ƙafa a kan guntun tayil ko faffaɗan dutse. Ka bar tazarar tafin hannu tsakanin benci da bango. Duk mako idan ana shara a janye shi a duba ƙarƙashi, idan an ga gara ta fara gina hanyarta ta laka a karya, a bi ta har inda ta fito. Gara ba ta son haske da motsi. Fenti ko banis a dukan fuskoki, har da ƙasan wurin zama, yana rage shan damshi da damina. Wanda ya fente sama ya bar ƙasa, shi ya koya wa katakonsa lanƙwashewa.

Wani manomi da na ziyarta ya nuna mini kantar da ya ƙara a saman bencinsa, ya jera kwalaben maganin ciyawa da na ƙwari a kai, yana murnar ya gyara wuri. Ban yaba masa ba. Wurin da ake cin tuwo, yara suna wasa, ba wurin ajiye maganin feshi ba ne komai tsayin kantar, domin yaro zai taka bencin da kansa ya kai gare ta. Magani da famfon feshi da tufafin feshi su sami akwati mai kwaɗo a wani ɗaki daban, nesa da abinci da iri.

Ga malaman gona: lokacin da ya fi dacewa a koyar da wannan aiki shi ne bayan an gama kai amfanin gona gida, tsakanin Janairu da Maris, sa'ad da hannu ya sami sarari katakon da aka saya da kaka kuma ya bushe. Ƙungiyar manoma tana iya sayen zarto da abin huda guda ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, a gayyaci kafintan gari ya tsaya a kan benci na farko, musamman wajen yankan gurbi. Wanda ya iya wannan mahaɗa ya iya haɗa teburin shanya iri da dandamalin ɗora buhunan hatsi, domin awo ne kawai yake canzawa.